Al'adar wa aka rubuta a dokar ƙasa da ƙasa?

Nafisa:
Salamu alaikum mutanen gida. Saura sati biyu mu shiga jarrabawa, kuma akwai wurin da ya tsaya mini a wuya. An koya mana cewa sashe na 13 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗora wa Babban Zauren Majalisar aiki biyu: ya sa a tattara dokokin da ƙasashe ke bi a al'adance a rubuta su, ya kuma sa a ciyar da su gaba. Saboda haka aka kafa Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa a 1947. Wannan na haddace shi. Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. A 1945 ƙasashe 51 ne suka kafa Majalisar, huɗu kacal daga Afirka: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. To idan an ce an rubuta al'adar ƙasashe, al'adar wa ke nan? Yaya Barista, don Allah a taimaka wa ƙanwa.

Barista Kabiru:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari mu fara da dalilin rubutun, sannan mu zo kan tambayarki, don ba ƙarama ba ce.

Kin san la'adar dillali a kasuwar shanu. Ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta, wanda ya hana kuma ya san ya ci haƙƙi. Haka al'ada take tsakanin ƙasashe, kuma da ƙafa biyu take tsayawa: a ga ƙasashe suna yin abu a kai a kai, a kuma tabbatar suna yi ne don suna ganin wajibi ne a kansu, ba don kara ba. Matsalar takan taso ranar rigima. Wannan ya ce la'ada kaza ce, wancan ya ce a'a. A kasuwa akwai sarkin kasuwa da dattawa. Tsakanin ƙasashe babu sarki.

An gwada rubutawa a birnin Hague a 1930, zamanin tsohuwar majalisar da ta gabaci wannan. Abu uku aka ɗauka: zama ɗan ƙasa, faɗin ruwan teku da ƙasa ke mallaka, da alhakin ƙasa idan an cuci baƙo a cikinta. Na farkon ne kaɗai ya haifar da yarjejeniya, sauran aka tashi baram-baram. Darasin da aka ɗauka shi ne kada a tara jakadu kafin masana su share fage. Hukumar da kika ambata mutum 34 ne yanzu, Babban Zaure ke zaɓensu na shekara biyar, kuma a ƙa'ida ba gwamnatocinsu suke wakilta ba, iliminsu suke kawowa. A Geneva suke zama. Sukan ba mutum ɗaya batu ya yi ta rubuta rahoto, a tsara sassa, a aika wa ƙasashe su tofa albarkacin bakinsu, a dawo a gyara. In abin ya nuna, a kira babban taro ya zama yarjejeniya. Da haka aka samu ta huldar jakadanci a 1961 da ta dokar yarjejeniyoyi a 1969, duka a Vienna.

Tafiyar hawainiya ce. Batun alhakin ƙasa da ya gagara a 1930, sai 2001 aka kammala sassansa, kuma har yau bai zama yarjejeniya ba, ko da yake kotuna suna kafa hujja da shi.

Auwal:
Barista, da girmanka, duk wannan tawada ce a takarda. Wace doka ta hana Amurka shiga Iraƙi a 2003? A 1986 Kotun Duniya ta ce Amurka ta karya doka a kan Nikaraguwa, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu sai ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Ga Gaza muna gani da idonmu. Igiya ce aka tufka don ɗaure akuya, ba ta ɗaure raƙumi.

Malam Habibu:
Auwal, zafin zuciyarka a kan gaskiya yake, amma ka bari in amsa wa Nafisa ta wani gefen. 'Yata, kada ki yarda da cewa mu ba mu da abin rubutawa. Imam Muhammad ɗan Hasan Ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, kuma ya bar rubutu a kan siyar, wato hukuncin yaƙi da sulhu da amana da mu'amala da wasu al'ummai. Tsakaninsa da Hugo Grotius na Holan, wanda Turawa ke kira uban wannan fanni saboda littafinsa na 1625, akwai shekara sama da 800. A Muwaɗɗa akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da zai tafi Sham: kada ka kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada ka sare bishiya mai 'ya'ya, kada ka rushe gari, kada ka yanka akuya ko raƙumi sai don ci. Ko Bahaushe da ya ce ɗan aike ba shi da laifi, ai kariyar jakada yake faɗa.

Sai dai ina da tsoro game da rubutun kansa. Kakana alƙali ne. Na taso na ga Risala da Muhtasar da Tuhfa a ɗakinsa cikin gafaka, gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutu na malamai daban-daban. In shari'a ta zo, yakan duba maganganu uku ko huɗu, ya zaɓi wanda ya dace da mutanen da ke gabansa. Da aka zartar da kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960, sai aka miƙa masa littafi ɗaya mai lambobi. Mahaifina ya ce ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce an sauƙaƙa wa mai ƙara, an ɗaure hannun alƙali. Duk wanda ya rubuta al'ada ya zaɓi ɗaya ne cikin maganganu, sauran kuma sun mutu.

Nafisa:
Allah gafarta Malam, to ke nan babu bambanci na gaske tsakanin tattarawa da ciyarwa gaba? Don a littafi an raba su sarai.

Barista Kabiru:
A littafi ne kawai. Ita kanta Hukumar ta daɗe da yarda cewa ba ta iya raba su a aikace. Ki rubuta wannan a jarrabawa, ki kawo misali.

Baba Ɗanjuma:
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, amma wannan doka da kuke magana ta iske ni har gida.

Na yi shekara goma sha a Darak ina sayen banda. Mu ba mu san mun ƙetare wata iyaka ba. Ruwan Tafkin Cadi ne yake janyewa, masunta suna bin sa, mu muna bin masunta. Inda ruwa ya tsaya a kafa bukka, bukka ta zama gari. Da naira muke ciniki, jami'an Najeriya ke karɓar haraji, makaranta da ɗakin shan magani duk daga wajenmu ne. A 2002 muka ji a rediyo wai kotu a ƙasar Turawa ta ce nan Kamaru ne. Kowa yana maganar Bakassi, ba mai maganarmu. A ƙarshen 2003 aka sauke tuta aka ɗaga wata. Babu wanda ya dake ni, babu wanda ya kore ni, gaskiya ɗaya ce. Amma na wayi gari baƙo a rumfar da na kafa da hannuna. Na tambayi wani mai ilimi, ya ce wata takarda ce Ingila da Faransa suka rubuta tun kafin a haife ni. Barista, ɗana, takarda ta fi mutanen da ke zaune a wuri?

Barista Kabiru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan ɓoye maka ba, a idon kotun ta fi. Lauyoyin Najeriya sun kai hujjar da ka faɗa, haraji da makarantu da zaman mutane. Kotun ta ce, a hukuncin 10 ga Oktoba 2002, inda akwai takardar iyaka ingantacciya, zama da mulki ba sa kayar da ita. A yankin tafki ta dogara da takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931, a Bakassi kuma da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913.

Nafisa, ga misalinki. Akwai sanarwar Marwa ta 1975 a kan iyakar ruwa, wadda Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka sa wa hannu. Najeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da ita ba, don haka ba ta ɗaure mu. Kotun ta buɗe yarjejeniyar Vienna ta 1969. Sashe na 7 ya ce shugaban ƙasa ba ya buƙatar wata takardar izini kafin ya wakilci ƙasarsa. Sashe na 46 ya ce ƙasa ba za ta fake da dokarta ta cikin gida ba, sai in saɓawar a bayyane take ga kowa. Da waɗannan layuka aka kayar da mu. Akwai kuma sashe na 62, wanda ya yarda a fita daga yarjejeniya idan yanayi ya canza ƙwarai, amma ya toge yarjejeniyar iyaka. Ko da tafki ya ƙafe ƙurmus, layin yana nan inda aka ja shi.

Auwal:
To kun ji. Turawa sun ja layi a kan gonar Baba, sun rubuta dokar da ta ce ba a goge layin, mu kuma muna haddacewa don jarrabawa.

Dakta Rabi:
Auwal, a nan zan tsaya maka, don tarihi bai ce haka ba. Ba Turawa ne suka hana goge layin ba, mu ne. A Alƙahira a 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka zartar cewa za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci. Sun san layukan zalunci ne, sun raba Katsina da Maraɗi, sun raba Borno gida-gida. Amma sun auna cewa in aka ce kowa ya nemi iyakar kakanninsa, jini ba zai tsaya ba. Kana iya cewa sun yi kuskure, sai dai ba za ka ce ba su da hannu ba.

Kuma taron Vienna na 1968 da 1969 ba irin na 1930 ba ne. A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci. Wanda ya shugabanci babban kwamitin taron, inda aka bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ɗan Najeriya ne, Taslim Olawale Elias, wanda daga baya ya zama shugaban Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. Sababbin ƙasashe sun dage a kan sashe na 52, cewa yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙarfin bindiga ba ta da inganci, da sashe na 53, cewa akwai ƙa'idojin da ba a yarda ko ƙasashe biyu su haɗa baki su karya ba, irin haramcin bauta da kisan ƙare-dangi. Faransa ce kaɗai ta jefa ƙuri'ar ƙi, kuma har yau ba ta shiga ba. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. In da igiyar akuya ce kawai, me raƙumi yake gudu?

Ga teku ma. Masu manyan jiragen ruwa sun so a tsaya a mil 3, don su yi ta kamun kifi a bakin gaɓar kowa. An kasa daidaitawa a 1958, a 1960 ƙuri'a ɗaya ta hana. Ƙasashen Latin Amurka da na Afirka ne suka ja har aka kai mil 12 na mallaka da mil 200 na cin arziki a yarjejeniyar 1982. Wannan ba al'adar Turawa aka kwafa ba, sabuwa aka yi, kuma da yawunmu a ciki.

Auwal:
Hajiya Dakta, na karɓi gyara a kan Alƙahira, ban san da shi ba. Amma na je na duba yarjejeniyar 1969 ɗin yanzu. Sashe na 4 ya ce ba ta aiki a kan yarjejeniyoyin da aka ƙulla kafin ta fara aiki, kuma sai 1980 ta fara. Ashe sashe na 52 ɗin bai taɓa ko ɗaya cikin takardun mulkin mallaka ba. An haramta fashi bayan an gama raba kayan.

Dakta Rabi:
Wannan kam ka kama ni, kuma ciwon yana nan. A shari'ar Bakassi ɗin ma Najeriya ta kawo yarjejeniyar 1884 da Ingila ta yi da sarakunan Tsohuwar Kalaba, ta ce kariya suka nema, ba su sayar da ƙasa ba, don haka Ingila ba ta da abin ba Jamus a 1913. Kotun ta auna ta da ma'aunin dokar wancan zamani, ta ce irin wannan takarda hanyar mallakar ƙasa ce a lokacin. Na karanta wannan wurin sau da yawa, kullum sai raina ya ɓaci. Sa hannun sarkin Afirka ya isa ya ba da ƙasa, amma bai isa ya riƙe ta ba.

An yi ƙoƙarin gyara. Yarjejeniyar 1978 ta ce sabuwar ƙasa ba dole ta gaji alkawuran mai mulkin mallaka ba, ban da na iyaka. Mohammed Bedjaoui na Aljeriya, ɗan Hukumar, ya yi shekaru yana aiki a kan yadda sabuwar ƙasa za ta gaji dukiya da bashi, aka yi yarjejeniya a 1983. Ta farkon ƙasashe kaɗan ne suka shiga, ta biyun ko fara aiki ba ta yi ba. Inda rubutun ya taɓa aljihun manya, nan yake kwanciya.

Duk da haka ka tuna da Cadi. Libiya ta mamaye zirin Awuzu na arewacin Cadi da sojoji da kuɗin mai. Me Cadi take da shi? Takardar 1955 tsakanin Faransa da Libiya. A Fabrairun 1994 kotu ta ba Cadi gaskiya, kafin ƙarshen Mayu sojojin Gaddafi sun fice. Ƙa'idar da ta raba Baba da Darak ita ce ta mayar wa Cadi ƙasarta. Nijar da Benin ma da takarda suka raba gardamar tsibirin Lete a 2005, ba da bindiga ba.

Alhaji Isufu Maraɗi:
Tun da an ambaci Nijar, bari in sa baki. Ni ɗan kasuwa ne, daga Kwatano nake ɗauko kaya. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocina biyu suka maƙale a Malanbil, ga gadar Gaya ana hangowa. Shinkafa ce da man girki. Direbobi suka yi ta kwana ƙarƙashin mota, ina aika musu kuɗin abinci har na fara sayar da abin hannuna. Wani ya ce mini akwai dokar duniya da ta ba ƙasar da ba ta da teku haƙƙin wucewa. Ina take a lokacin?

Na biyu, mahukuntanmu sun ce jakadan Faransa ya fita a watan Agusta, ya ƙi, sai ƙarshen Satumba ya tafi. Ba an ce mai gida yana da ikon sallamar baƙo ba?

Barista Kabiru:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Dokar tana nan, sashe na 125 na yarjejeniyar teku ta 1982. Ya ba da haƙƙin isa teku da wucewar kaya. Amma sashen da kansa ya ce yadda za a yi wucewar sai ƙasashen sun daidaita tsakaninsu, ya kuma bar wa ƙasar da ake ratsawa ikon kare muradunta. An bayar da dama, an rage da hagu, don da ba a yi haka ba masu gaɓa ba za su sa hannu ba.

Na jakada kuwa, sashe na 9 na yarjejeniyar 1961 a fili yake: ƙasa tana iya cewa ba ta son jakada ko yaushe, ba sai ta faɗi dalili ba. Faransa ba ta musa sashen ba, cewa ta yi waɗanda suka ba da umarnin ba su ne halastacciyar gwamnati ba. Batun amincewa da gwamnatoci yana cikin jerin da Hukumar ta tsara tun 1949, amma ba ta taɓa ɗaukarsa ba, don siyasa ta yi masa yawa. Ta wannan ramin da ba a rubuta ba aka bi.

Malam Habibu:
To ashe rashin rubutun ma yana da nasa sharrin. Na faɗi tsorona a sama, ban janye ba, amma na ga inda aka bar abu a buɗe mai ƙarfi ne ke fassara shi.

Baba Ɗanjuma:
Ku tambayi Dakta labarin Umaru Dikko. Mu a rediyo muka ji, har aka daina ciniki ana saurare.

Dakta Rabi:
Baba ya tuna mini. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na Shagari, a ƙofar gidansa a Landan. Aka yi masa allurar barci aka sa shi a akwatin katako, tare da likita a ciki yana lura da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted za a ɗora a jirgi zuwa Legas. Sashe na 27 na yarjejeniyar 1961 ya ce ba a buɗe jakar diflomasiyya, ba a tsare ta. Amma sakin layi na gaba ya ce dole ta ɗauki alama a bayyane da ke nuna ko mece ce. Akwatin ba shi da alamar. Jami'an kwastan suka buɗe, suka same shi a sume. Gwamnatin Najeriya ta lokacin ta ce ba ta da hannu. Ku duba kuma, kusan wata uku kafin nan an harbe wata 'yar sanda daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan ɗin, Ingila ta bar ma'aikatan suka fita da jakunkunansu ba ta buɗe ko ɗaya ba, don suna da alama. Ranta bai so ba, amma ita ma tana da jakadu a ƙasashen mutane.

Auwal:
Wato tana bin doka ne inda take tsoron a rama. Inda ba mai iya ramawa fa? Har yanzu ba a amsa mini Gaza ba.

Dakta Rabi:
Ba a amsa ba, kuma ba ni da amsar da za ta sanyaya maka rai. Abin da na sani, Afirka ta Kudu ta samu ƙofar kai ƙarar Isra'ila Kotun Duniya a Disambar 2023 ne saboda yarjejeniyar kisan ƙare-dangi ta 1948 a rubuce take, kuma tana da sashen da ya ba kotun hurumi. Bai tsayar da bam ba. Hissène Habré ma, tsohon shugaban Cadi da ya gudu Senegal, da yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 aka matsa wa Senegal har aka yanke masa hukunci a Dakar a 2016. Kuma aikin bai ƙare ba: Hukumar ta gama daftarin laifukan cin zarafin bil'adama a 2019, an sa taron ƙulla yarjejeniya a 2028 da 2029. Tarayyar Afirka ma tana da tata hukumar dokokin tun 2009. Damuwata ita ce wa za mu tura, kuma ya karanta daftarin kafin ya hau jirgi ko a'a. Nafisa, ku ne za ku zauna a waɗannan kujerun.

Nafisa:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Baba, in ka yarda zan kawo labarin Darak a amsata, ba tare da sunanka ba. Akwai wata takarda da ta rage a hannunka daga lokacin?

Baba Ɗanjuma:
Na yarda, jikata. Akwai rasiɗan haraji, guda tara ne ko goma, suna cikin kwallar marigayiya matata tare da katin rumfa. Gobe in Allah ya kai mu zan sa yaron nan ya ɗauki hotonsu ya turo miki. Wasu ruwa ya taɓa su, amma hatimin yana fitowa.